Akawali Ya Wuce Aduwa

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifinsa. Da kana nan sai in tambaye ka kwana da gajiya da zafin bazarar nan, amma inda kake yanzu ba abin da ya rage mini sai roƙon Allah Ya sa kana cikin sanyi. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko da kana da rai ma ba karanta ta za ka yi ba, juya ta za ka yi sama da ƙasa ka ce a kira Malam Isuhu. To amma bakina cike yake da magana, kuma kai kaɗai za ka gane kanta. Shi ya sa na ture keken ɗinki gefe, na zauna a bakin maƙerarka na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da mutane, kada ka ce na tsallake su na tafi wurin ƙarfe, ko da yake a wurinka na gaji halin. Inna ta fita takaba. Ta rame, amma tana cin abinci. Har yanzu in ta dama fura sai ta zuba a ƙwaryarka tukuna ta tuna, sai ta miƙo mini ta ce in sha kada ta lalace. Ɗiyarka Hajo ta haihu a Sabon Maci, namiji, an sa mishi sunanka, don haka ba mai iya kiran sa sai Abba. Kunnuwansa naka ne sak, Allah Ya ba shi haƙuri da yaran gari. Hatsin da ka bari a rumbu zai kai mu shuka in an yi tattali. An yi sabon kumandan a bariki, ya aiko da ƙofar ƙarfe a gyara, Yaya Haru ya gyara, kuma ba a dawo da ita da ƙorafi ba. Ka ga ke nan hannunsa ya faɗa, maƙera ba ta mutu ba.

Yanzu sai maganar Akawali, baƙin babur ɗinka da ka raɗa wa sunan doki. Saboda shi na zauna rubutun nan.

Ka tuna ranar da ya shigo gidanmu? Ni ban manta ba, ko da yake lokacin ban fi a aike ni ɗebo gawayi ba. Nasaran nan likitan shanu ne ya zo da shi, ya mace mishi cikin yashin hanyar Korahane. Tun a lokacin tsoho ne, an ce ya girmi yaƙin Jamus. Da aka ɗauke Nasaran zuwa wani gari sai ya bar maka shi a madadin ladan ƙarafan shaidar shanu da ka ƙera mishi. Da wani maƙerin ne, ranar zai sare shi ya yi hauyoyi. Kai kuwa takarkari ka ara, ka ɗaura mishi igiya, aka jawo shi har gida yara na binku. Me ka gani a jikinsa ranar? Ban taɓa tambayar ka ba. Mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba, me ya sa ka tabbata abin nan zai tashi a hannunka?

Ya kuwa tashi. Shekaru ka yi kana binsa in ka gama aikin mutane, har ranar da ya yi tari ya kama kuka, awaki suka tsinke igiya, Inna ta saki muciya. Ka hau, ka fita da shi kana tangaɗi, ka miƙe hanyar rijiya. Kana isa aduwar nan ta bakin rijiya ya yi shiru. Ka taka, ka taka, har gumi ya jiƙa maka riga, ko tari bai ƙara ba. Yaya Haru ne ya turo shi gida. Washegari ka buɗe tulun mai a ƙarƙashin rumfa, ya ja numfashi kamar jakin da aka sauke wa kaya, ka leƙa ka ga mai na nan, ka rufe, ka taka, ya tashi. Ka fita, ya kai aduwa, ya mutu. Haka aka yi ta yi duk lokacin da ka samu esansi, man fetur ɗin da yake sha. Mata masu ɗiban ruwa suka raɗa wa wurin Tashar Maƙeri, kuma har yau sunan bai goge ba. In aka ce wa baƙo ya jira a Tashar Maƙeri, kowa ya san aduwa ake nufi.

Kai ba ka damu da dariyarsu ba, ko kuwa ka damu ka ɓoye? Abin da na sani shi ne, bara bayan girbi ka ce wannan karon sai ka gano ciwonsa, ka warware shi kaf, ba ka bar ƙusa biyu a haɗe ba. Sai naka ciwon ya riga nasa. Ka tafi ka bar shi cikin ƙoren Inna da kasake, jere a ɗakin gawayi.

Bayan sadakar arba'in aka fara maganar gado. Gona da maƙera da ƴan shanun ba su ba kowa wahala ba. Da aka zo kan ƙoren nan sai Yaya Haru ya ce ƙarfe ne, a auna a raba, shi nasa kason hauyoyi zai yi da lauje tun da damina na tafe kuma ƙarfe ya yi wuya. Ya ce ko ƙashin bayan abin kaɗai ya isa ya noma rabin Dakoro. Raina ya ɓaci, Baba, na ce ba mai kai Akawali wuta ina raye. Muka ɗaga wa juna murya a gaban manya, abin da ba mu taɓa yi ba. Amma kada ka ga laifinsa da yawa. Ni ina Maraɗi ina koyon ɗinki shekarun da shi yake nan yana zuga maka wuta. Shi ne ya yi ta turo babur daga aduwa, a gaban ƴan matan da yake so su gan shi da mutunci. Ni labarin dariyar nake ji, shi a kansa aka yi ta.

Malam Isuhu ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce ya karanta hukuncin raƙumi da doki da jaki, ya karanta na takobi da tukunya, amma bai taɓa cin karo da babur a littafi ba. Daga ƙarshe ya ce doki ba a yanka shi a raba don gado, sai dai ya faɗa rabon mutum guda. In har abin nan zai ɗauki mutum daga maƙera ya kai shi kasuwar shanu ya dawo da shi da ƙafarsa, to abin hawa ne, hukuncinsa na doki. In bai iya ba, ƙarfe ne, mai son hauya ya ƙera hauya. Ya ba ni zuwa ranar da Inna za ta fita takaba, don ranar za a raba komai. Kasuwar shanu kuwa ka san tana can gaba da aduwa sosai. Yaya Haru ya yi murmushi ya ce ya yarda.

Na shiga ɗakin gawayi na tsuguna gaban ƙoren, na rasa ta inda zan fara. Ni tela ne. Na san in warware riga in gane yankanta, amma riga ba ta da ƙusoshi kamar tsakuwar ƙorama. Na yi kwanaki ina ɗauka ina ajiyewa. Sai wata safiya na lura ba haka kawai ka jera su ba. Yadda mahauci ke shimfiɗa sa in ya feɗe, haka ka shimfiɗa shi: kai a gabas, sai maƙogwaro, sai ƙirji da haƙarƙari, kayan ciki a babbar ƙwarya, jijiyoyi a naɗe gefe guda, ƙafafu a ƙarshe. Kowace ƙusa ka zura ta a zaren kaba bi da bi yadda ta fito. Da na gane haka sai da na yi dariya ni kaɗai. Wa ya koya maka? Ko dai ka san wani ne zai zo ya mayar, ba kai ba?

Daga nan aikin ya zama hira da kai. Duk abin da na ɗauka sai in ga inda Nasara suka tsaya da inda ka ɗora. Nasu sumul yake, naka da sawun masaba. Na ga bututun mai da ka haɗa da kwanson harsashi, na daɗe ina juya shi ina neman inda ka liƙe ban gani ba. Na ga wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ka ƙera har sau da yawa, ka ajiye waɗanda ba su yi ba a gefe, kowanne ya fi na bayansa kusa da daidai. Na ga laya ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Ban buɗe ba, na mayar da ita inda take. Ta tsarin faɗuwa ce, ko ta bakin matan rijiya?

Kuma Baba, na ga tasar Inna. Tasar tagullar nan ta aurenta da ta ɓace tun ina yaro, wadda aka yi ta zargin baƙin da suka kwana a zaure. Ga ta nan ka yanka ka naɗe bututun hayaƙi da ita, har zanen bakinta bai goge ba. Kai da ka taya ta nema har cikin rumbu! Na yi niyyar rufa maka asiri, amma na kasa. Na kai mata bututun har ɗaki. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce lalle mutumin nan ya shammace ta. Sai ta kama dariya har ta riƙe ciki, daga dariyar ta zarce da kuka. Wannan ce dariyarta ta farko tun da aka fita da kai. Ta ce in mayar da ita inda ka sa, tun da ka ga nan ta fi dacewa.

Abin da ba ka bari ba shi ne abin da maƙera ba ta iya yi. Buji mai ba shi wuta ya tsage, robar ƙafafu ta bushe ta dare, ga babu mai. Kuɗi kuwa ka san hannun tela a bazara, ba mai ɗinka sabuwar riga sai an ga hatsi. Sai na tare Balla, mai tuƙin kamiyo, babbar motar kayan da ke zuwa daga Maraɗi ranar kasuwa. Na ɗinka mishi wando irin na ƴan birni, ya kawo mini tsohon buji da baƙin man da suka juye daga cikin kamiyo. Na tace man da ƙyallen akoko har ya yi dama-dama. Esansi kuwa kwalba-kwalba yake rage mini, ni kuma ina ɗinke wa matarsa da ɗiyansa. Wallahi gidan Balla ba su taɓa yin ado irin na bana ba, kuma duk Akawali ne ya tufatar da su.

Ƙafafun ne suka fi ba ni wuya, kuma nan ne sana'ata ta yi rana. Robar ciki ta mutu, ba ta riƙe iska ko kaɗan. Na kwaso buhun ƙyallayen da na tara tun da na fara ɗinki, na cusa su cikin robar waje ina dannawa da taɓarya har ta yi tauri, na ɗinke tsagar da basilla da jijiyar raƙumi. Yanzu a ƙafar gaba akwai guntun rigar liman, da na zanen amaren unguwarmu, da na wandon wani gardin bariki. Sirdi na rufe shi da fatar tsohon zuga-zuginka da Yaya Haru ya jefar. Da ya gani sai ya tsaya ya shafa.

Bari in gaya maka wani abu a nan, tun da ban faɗa ba kana da rai. Ka ɗauka na bar maƙera don ina gudun wuta, ko don ina jin kunyar a ce mini ɗan maƙeri. Na ga haka a fuskarka ranar da na hau kamiyo zuwa Maraɗi. Ba haka ba ne. Babur ɗin nan ne ya kore ni. Tun ranar da ka buɗe cikinsa na ga ƙarfe na juya ƙarfe, haƙori na shiga haƙori, hauya da lauje suka fita raina. A Maraɗi na ga keken ɗinki, na leƙa ƙarƙashinsa na ga ɗan'uwan Akawali ne, sai dai shi yana ciyar da mai shi. Na so in gaya maka, amma ɗa ba ya zama ya buɗe wa ubansa ciki haka nan, kai ma kuma ba ka tambaya ba. Da na faɗa, da ka kira ni mun tsuguna gabansa tare?

To, na haɗa shi. Na zuba mai, na rufe tulun da kyau yadda kake yi, na yi bisimilla na taka. A taki na farko ya harbe ni a ƙwauri, har yanzu da tabon. Can ya yi tari ya kama. Baba, muryarsa ba ta sake ba. Inna tana ɗaki ba ta fita, amma an ce ta toshe baki da zane. Na hau na fita, kaji na watsewa, na miƙe hanyar rijiya. Ina isa aduwa ya yi shiru.

Na zauna bisa sirdi kamar an ɗaure ni. Matan rijiya ba su yi dariya ba wannan karon, kuma shirunsu ya fi dariyar ciwo. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, dokin ya san inda ubangijinsa ke sauka. Ina nan sai ga Yaya Haru ya taho, ya tuɓe riga ya rataya a kafaɗa, ya kama bayan babur. Bai dube ni ba. Abin da kawai ya ce shi ne, da alama don wannan aikin Allah Ya halicce shi. Muka turo shi gida.

Mutane suka ce aduwar ce, tana da masu ita, ba sa son ƙara. Ni ban ƙaryata kowa ba, amma na so in gani da idona. Washegari na buɗe tulu na ƙara mai, ya ja numfashin nan nasa, na rufe, na juya na bi hanyar ƙauyen Rumbu inda babu aduwa ko ɗaya. Ya yi tafiya kamar nisan rijiya, ya mutu a gaban wata ƴar sabara da ko akuya ba za ta fake a ƙarƙashinta ba. Ashe ba itace ba ne. Na warware maƙogwaronsa na busa, na goge buji, na bi jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Komai lafiya. Ranar fitar Inna na matsowa, mai na ƙarewa, Balla kuma ya ce gidansa ba sauran mai bukatar riga. Yaya Haru ya fara tara gawayi a inda zan gani.

Abin da ya cece shi ba dabara ba ce, son gani ne kawai irin namu. Wata hantsi na ce bari in ga yadda yake shan man nan, ko da sauri yake zuƙewa, ko wani abu ke tare shi. Ka san kai ba ka taɓa yarda a bar tulun a buɗe ba, ko na ƙiftawar ido. Ka ce rana na sha, yashi na shiga. Na roƙi gafararka a zuci, na cire murfin na sa a aljihu, na tayar da shi a tsaye cikin rumfa, na kafa ido a bakin tulun. Ya yi ta kuka. Na jira ya mutu, bai mutu ba. Ya wuce lokacin isa aduwa, ya wuce na isa kasuwa, har Inna ta aiko a ce hayaƙi ya ishe ta. Na mayar da murfin na ɗaure. Jim kaɗan ya fara shaƙewa, ya yi shiru. Na buɗe, ya ja numfashi.

Na zauna a ƙasa da murfin a hannu. Shi kaɗai ne abin da ban bincika ba, don wa zai zargi murfi? Daga ciki na ga fatar da ka yanka ka zagaya bakinsa da ita don ya kama gam. A tsakiya kuma, da na kai shi rana, sai ga wani ɗan huji kamar na allura. Ba tsatsa ce ta ci shi ba, da gangan masu ƙirar suka huda. Na juya bayansa. Daidai kan hujin ka ɗora ƙaro da ka kwaɓa da toka, ka danna da babban yatsa, ya bushe ya zama dutse.

Baba, numfashi yake nema. Shekarun nan duka numfashi kawai yake nema. In ka kafa baki a gora ka rufe ta ruf, ai ruwan ma tsayawa yake sai ka saki iska ta shiga. Kai da ka ƙare rayuwarka gaban zuga-zugi, ka fi kowa sanin abin da bai sha iska ba ba ya hurawa. Yaya aka yi wannan ya wuce ka?

Amma na san yadda aka yi. Kai ɗan arewa ne, inda ake jan guga da raƙumi, igiya ta yi nisa har mai jan ya zama ɗan tsito kafin ruwa ya fito. A gidanmu ɗigon salka laifi ne babba. Ba ka iya wuce tulu mai tsatsa ko tandu mai yoyo ba ka tsaya ka liƙe ba, ko na maƙwabta ne. Na tabbata ranar farko da ka zuba esansin da ka sha wuya kafin ka samu, ka sunkuya ka ji warinsa na fita ta hujin nan, ka ce a'a, ba a gidana ba. Ka gyara abin da ka ga ya lalace. Duk sauran aikinka daidai ne, ƙusa bayan ƙusa, ban sake ko ɗaya ba. Tattalinka ne kaɗai ya tsayar da kai a aduwa.

Sai kuma na rasa yadda zan yi. Ƙaro ne, in na jiƙa shi da ruwa zai narke, huji ya buɗe. Amma shaidar yatsanka na kai, layi-layi, har da tabon ƙunar nan da ya ratsa shi a karkace. Duk gidan nan babu inda jikinka ya rage sai wurin. Na kai wa Inna. Ta gane tabon tun kafin in yi magana, ta ce ranar da kake ƙera mata munduwa ka samo shi. Ta ɗora nata yatsan a kai, ta daɗe. Sai ta ce in huda, kai ba mutum ne mai son a bar aiki rabi ba.

Na cire allurar kekena, mafi siranta. Na shigar da ita ta ciki inda hujin yake, ina murzawa a hankali kada ƙaron ya fashe. Ta ɓullo a tsakiyar yatsanka, daidai kan tabon. Bai fashe ba. Na ce maka sannu, kamar kana ji.

Ranar da Inna ta fita takaba, bayan ta yi wanka an yi addu'a, Malam Isuhu ya zauna a ƙofar maƙera da dattawa. Ban gaya wa kowa abin da na gano ba, sai ita. Na nemi Yaya Haru cikin taron ban gan shi ba. Na taka, na hau, na fita. Da na hango aduwa sai ga shi can a gindinta, shi kaɗai, ya riga ya tuɓe riga ya rataya a kafaɗa yana jira. Bai ma tsaya a gida ya ga tashina ba, ya tafi inda ya san za a neme shi.

Na wuce shi, Baba. Akawali ya wuce aduwa ko tari bai yi ba. Na ji matan rijiya sun saki guɗa a bayana. Na kai kasuwar shanu, na zagaya turakun, Fulani na riƙe shanunsu suna zagina, na juyo. Da na dawo aduwa Yaya Haru yana nan, amma a zaune a ƙasa, rigar a kan fuskarsa. Na tsaya ban kashe ba. Da ya sauke rigar idanunsa jajur, ya tambaye ni mene ne ciwon. Na kwance murfin na miƙa mishi. Ya dubi yatsan, ya dubi hujin, ya ɗaga shi sama ya hango rana ta ciki. Ya ce wannan kawai? Na ce wannan kawai. Ya daɗe bai ba ni murfin ba.

Malam Isuhu ya ce doki ne. Ya faɗa rabona a madadin jar karsana, ita kuma ta bi Yaya Haru tare da maƙera. Dattawa sun ce na yi wauta, karsana na haihuwa, babur kuwa sai ci. Wataƙila gaskiyarsu. Kai dai na san ba za ka ce haka ba.

Da la'asar, bayan mutane sun watse, Yaya Haru ya zo ya tsaya kusa da shi yana sosa ƙeya. Ashe duk shekarun nan bai taɓa hawa ba, bayansa kawai ya sani. Na ce ya hau. Ya riƙe ni kamar zai karya mini haƙarƙari, muka fita gari ta hanyar da aka bi da kai. Da muka kusa maƙabarta na kai hannu zan kashe, don mu tura shi mu wuce cikin ladabi, kada mu dami mutanen wurin. Sai ya riƙe mini hannu ta baya, ya ce in bar shi don kai ka ji.

Ka ji, Baba? Mun wuce a hankali, ta gefen da kake.

Alƙalami ya gaji, kuma ga wani ya kawo riga tun ɗazu yana jira. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka har da tasar Inna, ita dai ta ce ta yafe. Allah Ya buɗa maka kabarinka, Ya shigo maka da iska mai sanyi. Sai mun zo.

Ɗanka mai allura,
Sha'aibu Tela, daga bakin maƙerarka a Dakoro.